Baƙon Cikin Totuwa

Na tsaga karan bara da farcena
a gonarmu ta Pitowa, gindin dutsen Tingilin.
Totuwar da na sani fara sol kamar auduga
ta yi ja, jan goron da aka tauna aka tofar.
Na shinshina, ba wari.
Na ce, to, rana ta gama da kai.

Wata biyar ba ɗigon ruwa.
Ƙasa ta dare, rijiya ta janye idonta,
ƙadangare ma sai ya nemi inuwa.
Wane rai ne zai kwana cikin busasshen kara
ya wayi gari?

Baba Nomau na zaune yana ɗaure ƙotar fartanya,
bai ko ɗaga kai ba.
Ya ce, rana ba kashe shi take ba, Jatau,
shanya shi take,
yadda uwarka ke shanya kuɓewa a kan rufi
don ta kai ta miyar baɗi.

Ban ji ba.
Na tara karan na yi danga, na ƙawata ta,
saura na jingine jikin gawo
ina jiran shanun Hammadu
da ba su biyo ta nan ba bana.

Sai bazara ta kawo gumi.
Dare ya fara yin nauyi, tabarma na manne wa baya,
raɓa ta koma kwana a kan danga.
Wata asuba na ga baƙin ɗigo-ɗigo a jikin kara,
ƙanana, kamar an barbaɗa barkonon da ya ƙone.
Na goge da gefen riga na wuce.

Ruwan fari ya sauka, muka yi shuka.
Na biyu ya sauka, dawa ta yi kunnen kura.
Ashe kowane ɗigo da ya faɗo kan tsohon kara
tsalle yake, ɗauke da kaya,
ya dire a kan sabon ganye.
Ba ƙafa, ba fiffike,
ruwan da muka roƙa shi ne jakinsa.

Da marka ta zauna kwana tara ba hasken rana
layin da ke bin danga ya fara yin ja,
sai na kusa da shi, sai na kusa da na kusa.
Zangarniya ta fito ba nauyi,
kara ya karye a gwiwa tun iska ba ta yi fushi ba.

Amma can gangare, wajen mayo,
inda ambaliyar bara ta binne tushiya cikin laka
har na yi ta tsaki ina cewa an yi mini ɓarna,
dawa na tsaye kore shar.
Na tona da hannu ina neman karan da ya nutse.
Babu. Laima ta ruɓar da shi, gara ta cinye saura,
ɗakin ya rushe a kan mai haya.

Na tsuguna nan, laka har wuyan hannu.
Ruwa ɗaya ne fa.
A sama ya tashe shi daga barci,
a ƙasa ya yi masa kabari.

Dami goma sha ɗaya muka ɗaure
inda a da ake ɗaure talatin.
Delu ta auna, ta sake aunawa, ba ta ce uffan ba.
Baba Nomau ma bai ce ai na faɗa maka ba,
kuma wannan ya fi yi mini ciwo.

Bana tun ƙasa na da ɗanshin ruwan ƙarshe
na bi kunya-kunya ina kwantar da kara ina rufewa.
Mai jan ciki na ware shi, na kai wa Delu murhu,
ya dafa tuwon da ya hana mu.
Danga kuwa, da ƙayar aduwa na yi ta.

Maƙwabcina dai nasa na nan a tsaye,
reras, bushe, yana kaɗawa.
In hadari ya haɗo daga gabas
ta kan gonarsa yake biyowa.
Gobe zan kai masa goro, mu zauna.